'Yar Ɗinyar Inna

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa a kan wannan magana. Ni ba malamin gona ba ne, karatuna bai wuce elementare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba, wani ya ɗauka ya yi aiki da shi ya yi hasara, alhakin ya hau kaina. Akwai kuma kunya, don maganar ta shafi mahaifiyata da yayanta, dukansu sun riga mu gidan gaskiya, ba su nan balle su ce ba haka aka yi ba. Sau da yawa nakan fara, in kai tsakiya, sai in rasa wanne ya riga wanne faruwa, in yage takardar. Abin da ya sa yanzu na daure shi ne an sare wata ɗinya a wajen Taba a ƙarshen daminar da ta wuce, kuma abin da ya rage nata a duniya yana cikin wani gwangwani a ƙarƙashin gadona. Zan faɗi abin da na gani da idona. Inda ban sani ba zan ce ban sani ba.

A ƙauyenmu na ƙasar Gubuchi, lokacin da muka taso, ba ka tsayawa a gona ka hangi ƙarshen ta gaba, saboda itatuwa. Ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kanya, ɗinya, kowace na tsaye a tsakiyar dawa, garma na kauce mata. Kowace kuma da mai ita. Gona na iya zama ta wane, ɗorawar da ke cikinta ta wance, kuma ba wanda ke ganin abin mamaki a nan. Idan marka ta yi nisa, ɗinya ta nuna, da safe za ka ji 'ya'yan suna faɗowa kan ganyen dawa, tif, tif, tsuntsaye na ta hayaniya a sama, awaki na jan igiya suna son zuwa. Yaran gari duka haƙoransu baƙi, harshensu baƙi, ba mai iya musun inda ya je. Yanzu idan na tsaya a bakin hanya ina hango masara har inda ido ya gaji, ƙarar da ke tashi kuwa ta injin ban-ruwa ce. Ban ce wannan ba shi da amfani ba, mutane suna ci suna ƙoshi. Amma duk yawan itatuwan nan na da, ban taɓa jin wanda ya ce shi ya shuka ɗaya ba. Mangwaro da lemo da gwaba su ake dasawa, don baƙi ne. Itacen daji kuwa, dattawa kan ce shukar Allah ce, naka dai in ka gan ta ta fito ka kauce mata da fartanya. Har sukan ƙara da cewa wanda ya sa ƙwallon itacen daji a ƙasa da hannunsa ba zai ci 'ya'yansa ba. Da haka muka tashi, ba mu taɓa tambayar wa aka gwada a kansa ba.

Inna, mahaifiyata, 'yar wani ƙauye ce kusa da Taba. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, gonaki suka tafi hannun maza, ita aka ba ta ɗinya guda da ke bakin fadama, a cikin gonar da ta faɗa wa yayanta, wanda muke kira Kawu. Ba a ɗauki wannan a matsayin zalunci ba a lokacin, don ɗinyar ba irin sauran ba ce. 'Ya'yanta manya ne, masu tsoka, ba su da ɗan ɗacin nan da ke maƙale a maƙogwaro. Mutanen wurin da sunan Inna suke kiranta, shi ya sa ni ban taɓa iya kiran itacen da sunansa ba, har yau ɗinyar Inna nake cewa. Duk shekara idan ta nuna, Baba kan ba da jaki, Inna ta ɗaura masakai a mangala, a tashi bayan asuba, a ƙetare hanyar jirgi, a isa kafin la'asar. Takan yi kwanaki a gidan da aka haife ta. A tsince ɗinya, a jiƙa, a murje da hannu, a tace a kwando, a ɗora a babbar tukunya tana tafasa tana kumfa har ta yi kauri ta zama maɗi. Ƙamshin kan riƙe zani har a dawo gida. Sai da na girma na gane ba maɗin ne kaɗai ke kai ta ba. A zamanin nan matar aure ba ta tashi haka kawai ta ce za ta garinsu. Sai rasuwa, ko haihuwa, ko biki. Inna kuwa tana da dalilin da ba mai iya hana ta, shekara da shekara, don dukiyarta za ta je ta kwasa. A kwanakin nan take zama da ƙawayenta na ƙuruciya, ta ziyarci kushewar iyayenta daga nesa, ta yi dariya irin wadda ban taɓa ji ta yi a gidanmu ba.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Idan tana son abu sai ta ce da wanda ke kusa, a gaya wa wancan, ko da ina tsaye a gabanta. A shekarar da nake magana na yi aure ban daɗe ba, na bar makaranta da 'yan shekaru, ina noma tare da Baba. Ni na raka ta da jakin. Da muka isa muka tarar ɗinyar ta canza. Kauci, tsiron nan da ke fitowa a jikin itace yana shanye shi, ya cika rassanta na sama, masu cin zuma sun taɓa cusa wuta a kogonta, cikin ya ƙone, ga wani babban reshe guda ya ɓalle yana kwance a cikin rake. A shekarun nan ne rake ya fara cin fadamun ƙasarmu. An kawo injin matsewa wanda doki ke juyawa, kowa na dafa mazarƙwaila, ana kai wa kasuwa a jakuna. Kawu ma ya shiga, kuma inuwar ɗinyar na hana masa rake a wannan kusurwa, ga shi dafa mazarƙwaila na cin itace ba kaɗan ba. Ba mugun mutum ba ne. Mai barkwanci ne, mai son ƙanwarsa, amma gona gona ce. A gindin itacen aka yi maganar, mai unguwarsu na zaune, ya zo cin ɗinya. Kawu ya ce shi ba zai taɓa sa mata gatari ba muddin tana tsaye, amma ranar da ta faɗi magana ta ƙare, don itace aka ba ta, ba ƙasa ba.

Inna ta ce, "In ta bar 'ya fa, Yaya?"

Kawu ya yi dariya har ya ajiye lauje. "Auta, shekara nawa tana zubar da 'ya'ya a nan, kin taɓa ganin ɗaya ya tsaya? To, in 'yarta ta tsaya a gindinta kafin ta faɗi, taki ce, ke da jikokinki. Ga mai unguwa shaida."

Mai unguwa ya tofar da ƙwallo ya ce ya ji. Kowa ya ɗauka wasa ne. Wasu ɗinyoyin sukan yi toho daga saiwa, amma wannan ba ta taɓa yi ba, kuma duk abin da ya faɗi a gindinta ko awaki su cinye ko fartanya ta share. A hanyar dawowa na lura masaki guda ba maɗi ne a ciki ba, ƙwallaye ne da ta wanke bayan an tace.

A makaranta na ga yadda malaminmu ke rainon mangwaro a cikin ƙananan kwanduna kafin a dasa, don haka na ɗauka abu ne mai sauƙi. Ranar kasuwa na sami malamin daji na En'e, wato hukumar gargajiya, wanda ke raba dashen dalbejiya, na tambaye shi yadda ake tsirar da ɗinya. Ya ce su ba a ba su wannan aikin ba, Baturen daji dalbejiya ya ce a shuka, in ina so ya ba ni biyu. Ya faɗi gaskiyarsa. Baba kuwa da ya ji abin da ake shiri, bai hana ba, amma ya tuna mini maganar dattawa, ya ce in yi tunani, matata na da ciki. Na tambayi limaminmu, ya ce camfi ne, ajali na hannun Allah, shuka itace ma sadaka ce. Na yarda da shi da kaina, amma cikina bai yarda ba. Ni mutum ne mai yawan saƙe-saƙe tun ina yaro, in na kulle ƙofa sai na koma na taɓa. Kwana da kwanaki ina juya abin. Inna ce ta yanke. Ta ce da matata, ina tsaye, a gaya wa wancan ya haɗa ƙasa kawai, kada ya kuskura ya taɓa ƙwallo. Ita za ta sa da hannunta, don ita ta riga ta ci rabonta na ɗinya.

Daga nan aikin ya zama na neman ƙasa. Babu baƙar leda a lokacin. Na tattara fasassun tukwane, da tsofaffin kasake, da sakaina, da gwangwanin kananzir da na yanke biyu na huda gindinsa, na jera su a bayan ɗakin Inna inda inuwar katanga ke sauka da rana. Tunda ban san wace ƙasa ɗinya ke so ba, sai na ce a ba ta kowace iri ta zaɓa. Na ɗebo baƙar laka ta fadama, don a bakin fadama uwar take. Na ɗebo jar ƙasa ta jigawarmu. Na ɗebo rairayin rafi. Na fasa tsohon suri na daka ƙasarsa, don na ga dawa takan yi kyau kusa da suri. Na kwaso taki daga turken awaki, ɗanye, yana tururi. Na je makwancin shanun wasu Fulani da suka tashi tun bara na kankaro ƙasar wurin, wadda ta riga ta zama gari. Akwai kuma 'yar ƙasar gindin uwar, mai ruɓaɓɓen ganye, da Inna ta ƙunso a bakin zani. Kowace tukunya na yi mata alama da gawayi. Don kada in zargi ƙasa a kan laifin iri, sai na sa a jefa ƙwallon tsamiya a gefen kowace, tunda tsamiya ba ta da wuyar fita. Shi ma Inna ta hana ni taɓawa. Ta durƙusa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dannawa da babban yatsa, tana bisimilla a hankali.

Duk ranin nan ruwa muke ba su. Rijiyarmu mai zurfi ce, mata na jiran layi, kuma ba kowa ke jin daɗin ganin ana zuba ruwan guga a kan fasasshiyar tukunya ba. Safe da yamma nakan je in duba, Inna ma takan zo, mu tsaya a wurin ba mai kallon wani. A nan ne ta fara yi mini magana ba ta bakin kowa ba, ko da yake tukwanen take kallo. Takan ce wannan ta cika ruwa, ko waccan ta bushe. Abin da na gani shi ne wannan. Laka ta riƙe ruwa a sama kamar kwatami, in ta bushe ta tsage ta ƙame, da na tona daga baya na tarar ƙwallon ya yi fumfuna, cikinsa ya zama baƙin ruwa. Tsamiyar ma ba ta fito a can ba. Ƙasar suri ta daskare kamar daɓen ɗaki, ruwa na gangarewa ta gefe. Ɗanyen takin awaki ya yi zafi, in ka cusa yatsa kana ji, ya cika da gwazarma, ya ƙone tsamiyar tun tana kan fitowa. Jar ƙasa da ta gindin uwar suka fitar da tsamiya lafiya, da ciyawa iri-iri, amma ɗinya ta yi shiru, na tona na gan ta yadda aka sa ta, kamar tsakuwa. A rairayi ne kaɗai, da kuma ƙasar makwancin shanu, na ga motsi. A rairayi wani ƙwallo ya tsage, ya fito da farar saiwa siririya, har ya ɗaga kai da ganye biyu. Inna ta ɗora masa karan dawa don inuwa. Amma rairayi ba ya riƙe ruwa, ba shi kuma da abinci. Da zafin bazara ya shigo, wata rana na tafi kai auduga kasuwa na dawo da yamma, na tarar ya kwanta. A ƙasar makwancin shanu biyu suka tsage, amma ba su fito ba, kuma ina zargin yawan tonawata ce ta dame su, ko da yake ban tabbatar ba.

Bayan wannan Inna ta daina zuwa bayan ɗaki. Ni ma na ci gaba da ban-ruwa na ɗan lokaci, sannan sharar gona ta taso, na bari. Matata, wadda ta haihu a tsakanin nan, ta ga kunama ta fito daga ƙarƙashin wani kasko, ta ce ba za ta zauna da jariri kusa da wannan tarkace ba. Ba ta tambayi kowa ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta kwashe tukwanen ta juye su gaba ɗaya a juji, bayan turken awaki, inda ake zubar da toka da ƙaiƙayi da sharar tsakar gida. Laka da rairayi da suri da taki duk suka haɗu wuri guda. Kafin ruwa ya sauka, kamar yadda aka saba, aka cinna wa sharar saman jujin wuta ta ci ta mutu. Sannan damina ta faɗi. Ruwan farko a ƙasarmu da iska yake zuwa, kuma duk ranar da hadari ya haɗo daga gabas da yamma, nakan ga Inna ta bar abin da take yi ta tsaya a ƙofar ɗaki. Ba ruwan take kallo ba, iskar take tsoro, kada ta kayar da ɗinyarta. Idan aka kwana biyu ba wanda ya zo daga wajen Taba, sai ta koma daka. Duk baƙon da ya yi sallama a zaure sai ta aika a tambayo daga ina.

Ana cikin noman biyu na je jujin da fartanya don in share ciyawar da ta rufe shi. Akwai kabewa da ta fito da kanta, da zaƙi-banza, da wasu 'yan tsirrai a gefen da ruwa ya zaizaye ya shimfiɗa ƙasar. Ban gane su ba, don ganyensu falle-falle ne, ba mai yatsu biyar irin na babbar ɗinya ba. Na riga na sare ɗaya. Da ya fito da saiwarsa sai na ga ɓawon ƙwallon a maƙale, ya rabu, kuma tsiro biyu ne suka fito daga cikinsa. Na tsaya da shi a hannu. Na aika a kira Inna. Ta zo ta durƙusa, ta murza ganyen ta sansana. Sannan ta tambaya, ba ni ba, sararin wurin, ko wa ya shuka waɗannan. Matata ta ce ba wanda ya shuka, ita dai ta zubar. Inna ta ce to shukar Allah ce ke nan. Ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma kafin mu kewaye su da ƙaya akuya ta rage mana. Biyu suka rage. Na haƙa su da faɗi, da ƙasarsu, don saiwar ta riga ta yi zurfi fiye da tsawon tsiron, na sa a sakaina. Inna ta ƙi a ɗora su a jaki. A kai ta ɗauka, bisa gammo, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ina biye da ita, tun daga ƙauyenmu har gonar Kawu.

Tsohuwar na nan tsaye, rabinta ya bushe, ta karkata wajen fadama. Kawu ya fito daga cikin rake, aka gaisa, aka tambayi gida da jariri da gajiyar hanya. Ya buɗe tsumman ya duba. Ya ce wannan ai 'yar tsintuwa ce, wa ya san uwarta, ɗinya nawa ce tsakanin nan da Gubuchi. Inna ta ce ya san dai ita ba ta taɓa kawo masa ƙarya a ƙwarya ba. Sai ya daina dariya.

"Auta, ke kika sa ƙwallon a ƙasa?"

"A juji ta fito, Yaya. Ba wanda ya shuka ta."

Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ban san ko abin da ta faɗa gaskiya ne duka ko rabi ba, kuma har yau ina juya shi, don ta danna ƙwallon da yatsanta sau ɗaya, ko da yake ba a inda ya fito ba. Kawu ya karɓi fartanyata ya haƙa rami biyu, nesa kaɗan da kututturen, wajen da uwar ba za ta faɗa ba. Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki tsiron, ya ture hannun.

"Matsa can. In akwai abin da zai ɗauki wani a kan wannan, ni ne babba."

Shi ya dasa su, ya danne ƙasar da dunduniya, ya saro magarya ya kewaye. Ɗaya ta bushe a ranin farko. Ɗayar ta kama. Uwar ta faɗi a damina ta gaba, Kawu ya dafa mazarƙwailarsa da ita, ya aiko mana da curi. Daga nan duk shekara, idan lokacin nunar ɗinya ya yi, Inna takan ce a gaya wa mai gida za ta je duba dukiyarta. Baba kan ba da jaki, ko da yake ba abin da za a ɗoro. Takan je ta gyara ƙaya, ta auna itacen da jikinta, bana ya kai gwiwa, baɗi ƙugu, ta yi kwanakinta a gidansu ta dawo da masakai wayam. Ta rasu itacen ya wuce tsawon ɗaki, ya fara fure amma bai riƙe ba. Masu magana suka ce ga shi nan, an faɗa. Amma Kawu, wanda shi ya sa ta a rami da hannunsa, ya rayu har ya ci, da ragowar haƙoransa. A shekarar farko da ta yi 'ya'ya ya aiko mini da ƙwarya guda, ya ce a gaya mini kayanmu ne. Na ci. Sun fi na daji girma, amma ba su kai na uwar ba, kuma akwai ɗan ɗaci can ƙasa. Ko ƙuruciya ce ta sa nake ganin na da sun fi, wannan ma ban sani ba.

Shekara da shekaru ina aika yara su tsinto, ko da yake ba mai dafa maɗi a gidan yanzu, sukari ya wadata. Gonar ta wuce daga hannun 'ya'yan Kawu zuwa jikoki, daga jikoki zuwa wani da ya saya, wanda bai san da wata magana da aka yi gaban mai unguwa ba, kuma ba wanda ya rage da zai shaida. Ya kawo masu injin yanka, kafin azahar sun gama. Ban yi ƙara ba, ban ga wanda zan kai ba. Wani jikan Kawu ne ya tsince abin da ya zube a ƙasa ya kawo mini, na wanke, na shanya a inuwa. Ƙwallayen ba su cika tafin hannu biyu ba.

A tsawon shekarun nan na sha gwada haɗa ƙasar jujin nan da ƙwallon wasu ɗinyoyin. In zuba rairayi da tsohon taki da toka, wani lokaci in ƙona kara a kai, wani lokaci in bari. Wata shekara ɗaya ko biyu su fito, wata shekara ko ɗaya. Abin da zan iya rantsuwa a kai kaɗan ne. Laka ita kaɗai tana ruɓar da ƙwallo. Ɗanyen taki yana ƙonawa. Rairayi yana fitarwa amma ba ya riƙewa. Abin da ban sani ba shi ne me ya yi aikin a jujin. Ko gaurayar ce, da ta ba da ƙasa mai shan ruwa ba ta riƙe shi da yawa ba. Ko tokar. Ko wutar da ta bi ta kai ta tsaga ɓawon. Ko jiƙewa da bushewa na duk rani a tukwane sun riga sun tausasa ƙwallon, da ma lokacinsa ne ya yi, da an bar shi a jar ƙasa ma da ya fito. Ko kuwa don na daina tonawa ne kawai.

Saboda haka nake roƙon duk wanda wannan ya kai gare shi, manomi ne ko makiyayi ko wanda ya yi karatun itatuwa, musamman mutanen Ikara da Makarfi da Kudan da suka san ƙasarmu, in ya taɓa tsirar da ƙwallon ɗinya da gangan, ba tsintuwa ba, ya taimaka ya bayyana. Wace ƙasa ya sa, me ya gauraya da me, wanne ya fi yawa. Ya jiƙa ne, ko ya fasa, ko ya bi da wuta, ko sai wanda ya bi ta cikin akuya. Kuma ƙwallon da ya kwana rani guda a gwangwani, yana da sauran rai ko na riga na makara. In ba a tabbatar ba a ce ba a tabbatar ba, ba zan ji haushi ba. Ba ni da yawan da zan raba wa ƙasa iri-iri kamar wancan karon, kuma uwar da zan koma in tsinto babu. Maganar wanda zai sa ƙwallon a ƙasa kuwa ba ta dame ni yanzu. Na riga na gaya wa jikokina su haɗa ƙasa kawai, ni zan danna.